Ƙafar da Solkem Ba Ta Wanke Ba

Duk wanda ya shigo sansaninmu na 'yan gudun hijira da ƙafa a shekaru biyun farko ya san Solkem, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce matar da ke zama a gindin mangwaron nan, tsakanin rumfar rajista da ɗakin magani, da farin daro a gabanta, da tukunyar ruwa a kan murhu. Mutane ba iyaka sun zauna a kan kututturen da ke gabanta. In ka tambaye ta kamannin ko mutum ɗaya a cikinsu ba za ta iya faɗa maka ba, don ba ta ɗaga kai. Amma ce mata mutumin nan mai faso a dunduniya, wanda farcen babban yatsansa ya fita, yanzu ta gaya maka ranar da ya iso.

A Bekanja aka haife ta, tafiyar rabin yini daga Pawa. Ubanta manomin auduga ne, uwarta mai man kaɗanya. Ta yi shekara biyu a makaranta, iyakar abin da ta fito da shi lambobin waƙoƙin coci, kuma sun ishe ta. Tana da shekara goma sha shida aka yi mata baftisma a rafi, aka dulmuya ta sau uku kamar yadda muke yi. Ta auri Mbairo mai gyaran keke, mutumin kirki mai yawan tari, ta haifa masa biyar, ƙasa ta karɓi uku tun suna goye. Macen da ta rage ta yi aure a Bangi. Namijin, ɗan farinta, shi ne Jimtola, kuma tun da aka haife shi ba mai kiranta Solkem sai tsofaffi, kowa Maman Jimtola. Da tarin ya tafi da Mbairo, yaron ya gaji sifana da famfon keke da inuwar da ubansa ke zama.

Inuwar ta wata tsamiya ce, ita kaɗai ce tsakanin gidan Solkem da na Memaji, wadda ake kira Maman Beasum. Tare suka tashi. Suna 'yan shekara goma, suna noman gyaɗa, fartanyar Solkem ta zame ta datse wa Memaji ƙaramin yatsan ƙafar dama. Memaji ta yi kukanta ta gama, daga nan kuma ta samu abin tsokana na har abada. Ita burkutu take dafawa, ba ta taɓa taka coci ba, kuma duk sanda Solkem ta ɗauko mata zancen Yesu sai ta miƙo ƙafar.

"Fara dawo mini da yatsana, Maman Jimtola, sannan mu yi maganar raina."

"Ke dai wuta za ki, da tukunyar burkutunki a ka."

"Ai gara haka. Can ba sai na je neman itace ba."

Sai su kwashe da dariya, wannan ta miƙa wa wannan gishiri, waccan ta ɗebo mata kuɓewa. 'Ya'yansu maza wata biyu ne tsakaninsu, kuma kowanne ya sha nonon uwar ɗan'uwansa.

Mu 'yan cocin 'Yan'uwa ba ma cin jibin Ubangiji sai mun wanke wa juna ƙafa, maza a gefensu, mata a gefensu, kowa da na kusa da shi. A Bekanja Solkem ce mai riƙe darurruka da tawul na ɓangaren mata. Shekara goma sha ɗaya tana wannan hidimar. Ita ke wanke su, ita ke adana su, ita ke zagayawa da ruwa, kuma a ƙa'ida duk matar da ta rasa abokiyar zama mai daro ce ke durƙusa mata.

Ranar da abin ya faru Talata ce, da hantsi, an gama cirar gyaɗa. Jibi yana tafe ran Lahadi, don haka ta kai babban daron rijiya ta goge shi, ta ciko shi da ruwa. Tana dawowa ta tarar da motoci biyu na masu kaki a bakin tsamiya. Beasum suke nema. Kowa ya san yana kai wa 'yan tawayen daji abinci, kowa kuma ya san ranar yana gida, a cikin rumbun uwarsa. Jimtola yana zaune a inuwa, yana liƙe tayar keke. Ɗaya daga cikin masu kakin ya ɗora wa Memaji bakin bindiga a ƙirji, ya ce ina ɗanta.

Memaji ta ɗaga hannu, ta miƙa yatsa, ta nuna Jimtola.

Solkem ta ga yatsan, ta ji ƙarar. Waɗanda suke wurin sun ce ba ta yi ihu ba, ko ruwan da ke kanta bai zuba ba. Daga nan wuta ta kama jinkaye, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi, wata ta fizgo hannunta. Sanda ta san inda take tana tsakiyar daji, daron yana kanta, ba ko ɗigo a ciki. Kwana shida suka yi kafin su tsallaka iyaka. Ba wanda ya koma ya binne Jimtola.

A sansani aka ba ta tamfol da katin abinci da tukunya, aka nuna mata inda za ta kafa. Ta kafa. In an raba dawa ta karɓa, in an kira addu'a ta je, leɓenta ya motsa tare da na jama'a. Mata suna zuwa su yi mata kuka, ita tana kallon ƙasa har su gaji su tashi. Ba wai daurewa take yi ba, kada a yaba mata a banza. Wurin da kuka ke fitowa ne ya toshe. Abu ɗaya kawai hannunta ya ƙi koya, in za ta tuƙa tuwo sai ta auna garin mutum biyu, da safe ta ba wa maƙwabta saura.

Mai wa'azinmu a lokacin Fasto Ndubabe ne, ɗan guntun mutum mai babbar murya, wanda shi ma da ƙafa ya zo daga wani ƙauye. Ya haɗa rumfa da tamfol huɗu, ya rataya ƙarfen tayar mota a madadin ƙararrawa. 'Yan'uwa na Mundu suka aiko masa da lasifikar hannu, shi ke nan muka shiga uku. Layi-layi yake bi yana kiran mutane su tuba. Mutanen da suka bar gawarwakinsu a hanya ba su da kunnen jin haka, amma suna da bakin mayar da magana.

"Baba Fasto, shi Yesun naka yana da katin abinci?"

"Shi da ya ciyar da mutum dubu biyar a jeji?"

"To ka ce masa mu dubu goma sha biyu ne, ya ƙara wuta."

Haka ake yi har batir ya mutu. Ran Lahadi kuwa mu ɗin dai ne, mu talatin da muka zo da baftismarmu daga gida.

Yadda Solkem ta fara nata aikin ba wani abin labari ba ne. Zaman tanti ne ya ishe ta. Wata safiya ta ɗumama ruwa za ta yi wanki a gindin mangwaro, sai ga wani tsoho an sauke shi a bakin rumfar rajista, ƙafafunsa naɗe da ɓawon itace. Layi ya yi tsawo, ya zauna a kututture. Ta dubi ƙafafun, ta dubi daron, kuma hannun da ya yi shekara goma sha ɗaya yana abu ɗaya ya ja daron gabansa. Ta ce, "Ina ne ke ciwo?" Ya nuna mata. Ta jiƙa, ta zare allura daga ɗankwalinta ta cire ƙayoyi bakwai, ta shafa man kaɗanya. Da shirun ya yi yawa sai ta ba shi labarin da ake karantawa duk ranar jibi, yadda Yesu ya ajiye rigarsa ya durƙusa wa almajiransa ɗaya bayan ɗaya, yadda Bitrus ya janye ƙafa don kunya. Shi kaɗai ne labarin da ta haddace daga farko har ƙarshe.

Washegari ta koma, jibi ma haka. Ruwan ɗumi da gishiri, allura, reza in ta kama, man kaɗanya. Da ƙafar dama take farawa kullum. Tambayarta ɗaya ce, labarinta ɗaya ne, muryarta kamar mai kiran sunaye a layin rabo. Duk ƙayar da ta karye a ciki ta tara ruwa, sai ta ce wa mai ita, "Irin wannan kwana uku ake yi mata a jere. Gobe ka dawo." Su dawo kuwa, a kwana na uku su tambaya ina ne rumfar mutanen da ke wanke ƙafa. Kafin shekara Fasto Ndubabe ya ƙara tamfol shida, ya ajiye lasifikar. In baƙi suka zo daga Mundu ko Gore sai ya kai su gindin mangwaro ya nuna musu ita, ya ce ga mai bisharar da ta fi shi.

Wata rana ya tsuguna kusa da ita ya ce, "Maman Jimtola, in kina durƙushe haka, me kike ji a ranki?"

"Ba komai, Baba Fasto."

"Ko ɗan tausayi?"

"Ko zafin ruwan ba na ji. Da gwiwar hannu nake gwadawa, kada in ƙona mutane."

Ya yi dariya, ya zaci tawali'u ne. Gaskiya ta faɗa masa tsagwaronta.

A farkon daminar shekara ta biyu aka kawo wani ayari, mutanen da suka ƙi tsallakowa da fari suka zauna a daji har abin ya fi ƙarfinsu. Solkem ta wanke wa mutum takwas. Ta tara mace ce, zanenta ya zama tsumma. Solkem ta kama ƙafar dama ta tsoma, ta ce, "Ina ne ke ciwo?" Ta ci gaba da cuɗawa, ta fara labarin, tana bi tsakanin yatsu kamar yadda ta saba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Inda na biyar zai kasance akwai tsohon tabo mai santsi, wanda ta san fartanyar da ta yi shi.

Labarin ya tsaya a bakinta. Idonta ya koma kan ƙafar hagu, don ido ma yana da nasa sabon. Ta kumbura har idon sawu, fatar tana sheƙi, a dunduniya akwai baƙin ɗigo da mugunya kewaye da shi. Ƙaya ce ta karye a ciki, ta kwana biyar ko shida. Solkem ta san abin da take bukata, ta kuma san abin da ke faruwa in ba a yi ba, don ta ga irinsu.

"Maman Jimtola," in ji Memaji, da wata murya ƙasa-ƙasa.

Solkem ta cire ƙafar dama daga ruwa, ta goge ta da tawul har tsakanin yatsu, ta ajiye ta a ƙasa. Ta tashi ta zubar da ruwan a gindin mangwaro, ta kife daron a ka, ta tafi tantinta. Sauran mutanen da ke layi suka bi ta da kallo.

Washegari ta fito kamar kullum. Ba ta yanke shawarar komai ba. In matar ta zo ta zauna a kututture, wataƙila hannu ya yi aikinsa, wataƙila ya ƙi. Memaji ba ta zo ba. An ba ta wuri a layi na goma sha huɗu, can ƙarshen sansani wajen fadama, kuma daga can ba hanyar zuwa ɗakin magani sai ta gindin mangwaro.

A kwana na huɗu Nerolel, wata 'yar Bekanja da aka haɗa su layi ɗaya da Memaji, ta zo ta tsaya a kanta.

"Yaya, ƙafar matar nan ta kusa kai tulu. Toka take shafawa da ganye."

"Ga ɗakin magani can."

"Ta ce ba za ta iya bi ta gabanki ba."

"Hanyar ba tawa ba ce."

"Beasum ma ya mutu, ko kin sani? Bara, a wata gada. Ita ma ba ta ga gawarsa ba."

Solkem ta ce, "Matsa, kin tare mini haske." Tana cire wa wani sartse ne a lokacin, kuma ta cire shi tsaf.

Ta jira ta ji ko labarin mutuwar Beasum zai yi mata daɗi. Bai yi ba. Ta jira ta ji ko ciwon Memaji zai sanyaya mata rai, ko ya ɗaga mata hankali. Shiru. Da ƙiyayya ce ma da sauƙi, mutum ya san abin da zai kai gaban Allah. Ita abin da take da shi sani ne kawai, yau kumburin ya kai nan, gobe zai kai can, kamar yadda ake sanin rafi yana cika ko ba a je bakinsa ba.

Fasto Ndubabe yana bin sababbin zuwa tanti-tanti, don haka ya isa wurin Memaji a kwana na bakwai. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai biya ko'ina ba sai gindin mangwaro, ya jira har layi ya ƙare.

"Ta faɗa mini komai, ba ta rage ba. Na ce a ɗauke ta a kai ta magani, ta ce ko kashe ta za a yi ba ta wucewa ta nan. Ta ce ke kika fara wankin, in kin ga dama ki ƙarasa, in ba ki ga dama ba daidai ne."

"To."

"To me, Maman Jimtola? Kin wanke ƙafar ɓarayi a nan, kin wanke ta waɗanda suka riƙe bindiga, ba ki tambayi kowa ba."

"Ban san su ba ne."

"Ki je, don Allah. Ba na ce ki yafe ba. Allura kawai."

"Gobe," in ji ta.

Ya kamata a faɗi gaskiya, ta tashi sau ɗaya. A kwana na tara ta ɗora daro a ka, ta ƙulle gishiri a bakin zane, ta kama hanyar fadama. Ta kai layi na takwas sai ta ji ƙugin mota a rumfar rajista, an kawo sababbi. Ta tsaya, ta juya, ta koma gindin mangwaro. Ranar ta wanke wa mutum goma sha tara, uku daga cikinsu yau dattawan ikilisiya ne.

A kwana na goma sha biyar zazzaɓi ya ɗauke wa Memaji hankali, ba ta da bakin ƙi. Aka ɗora ta a baro aka turo ta. Solkem tana durƙushe suka wuce, kuma abin da ke daidai idon mai durƙuso shi ne ƙafar da ke lilo a bakin baron, baƙa ƙirin har ƙwauri. Warin ya daɗe a wurin bayan sun wuce. Mutumin da take wanke wa ƙafa ya toshe hanci, ita kuwa ta ci gaba da labarin daga inda Bitrus ya ce a haɗa har da kansa. Da la'asar mota ta tafi da Memaji Gore, daga can aka wuce da ita Mundu.

Wata uku Memaji ta yi a asibiti. Ta dawo da sanda biyu a hammata, zanenta ƙulle a ƙarƙashin gwiwar hagu. 'Yan Bekanja suka yi ta surutu, wasu su ce alhaki ne, wasu su ce na wa. A gaban Solkem dai ba mai ɗauko zancen. Da aka ji Memaji ta shiga ajin baftisma surutun ya ƙaru, matar da ta yi shekara arba'in tana yi wa coci dariya. Fasto ne ke zuwa tantinta yana koya mata. An ce tambaya ɗaya ta yi ta maimaita masa, ko shi wannan Yesun ya san wanda zai nuna shi a cikin waɗanda ya wanke wa ƙafa. Ya ce ya sani. Ta ce, kuma ya wanke? Ya ce ya wanke, ƙafafun duka biyun.

Ranar baftisma maza biyu suka ɗauke ta suka shiga da ita kogin Pende. Solkem tana bakin ruwa da tawul a hannu, tana miƙa wa duk wadda ta fito, idonta a kan yashi.

Ana saura kwana biyu jibin Ubangiji Fasto ya tuna wa jama'a ƙa'ida, duk mai riƙe da wani a zuciya ya je ya warware, in ba haka ba ya zauna a gida. Bayan an tashi ya tare Solkem.

"Kin ji abin da na ce."

"Na ji. Ba na riƙe da kowa, Baba Fasto. Ba na riƙe da komai ma."

Ya dube ta ya daɗe, ya rasa inda zai kama, ya ƙyale ta.

Ran Lahadi da azahar mata suka jeru a kan benci biyu-biyu. Memaji ta iso a makare saboda sanduna, ta zauna a ƙarshen benci na baya, inda za ta iya jingine su. Wurin da ke kusa da ita ya zauna wayam. Sababbin tuba ba su san ta ba, 'yan Bekanja kuwa sun san ta fiye da kima. Aka ɗaga waƙa, Solkem ta shiga zagayawa da ruwa, mata suna durƙusa wa juna, ana sauya wuri, ana rungumar juna. Benci ya ƙare, benci ya ƙare, har aka zo na baya. Mace ɗaya ce ba ta da abokiya, kuma kowa ya san wadda ƙa'ida ta ɗora wa.

Nerolel ta yunƙura za ta tashi ta karɓi daron. Solkem ta riga ta durƙusa. Ba don ta yafe ba, aikinta ne, kuma ba ta taɓa tsallake kowa ba a ranar jibi. Ta kama ƙafar dama ta tsoma, ta cuɗa, yatsu huɗu da tabo. Ta goge, ta ajiye. Sai hannunta ya tafi ɗauko ɗayar, kamar yadda ya tafi sau dubu. Ya laluba ƙarƙashin benci, ya dawo ba komai.

"Tun muna yara kike rage ni, Maman Jimtola," in ji Memaji.

Wata ta ce wayyo Allah. Waƙar ta fara yankewa daga baya zuwa gaba.

"Ba faɗa nake nema ba," in ji Memaji. "Ni na nuna shi, kina gani. Yaron da ya sha nonona. Da hannun ne ma ya ruɓe da na fi ganewa." Ta gyara ƙullin zanen. "Abin da ya ishe ni ƙayar ce. Tana nan. Likita ya ce sun binne ta tare da ƙafar a bayan asibiti, amma ni ina jin ta a dunduniya, ko yanzu tana suka ta."

Bakin Solkem ya yi abin da ya saba. "Ina ne ke ciwo?"

Memaji ta ɗaga hannu, ta miƙa yatsa, ta nuna wani wuri a iska, taƙi ɗaya sama da ruwan daron. "Nan."

Yatsan ne dai. Solkem ta dube shi, ta bi hannun da ido har kafaɗa, har wuya, har fuska. Rabonta da kallon fuskar mutum tun ranar Talatar nan. Memaji ta tsufa, haƙoran gaba sun zube, idanun sun faɗa, amma ita ce, wadda ta riƙe mata kafaɗu ranar da take naƙudar Jimtola. A nan ne abin ya zo mata, kuma ba gafara ba ce. Baƙin ciki ne na ɗanta da ke kwance a gindin tsamiya da tayar keke a hannu, ba wanda ya rufe masa ido. Tare da shi kuma kunya, don ta san kwana goma sha biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta san a layi na nawa ta juya. Hannunta yana cikin daro, sai ta ji ruwan ya yi sanyi ƙwarai.

Ta ɗebo da tafin hannu biyu ta zuba a inda yatsan ya nuna. Ruwan ya koma cikin daro, bai taɓa komai ba. Ta sake ɗebowa ta zuba, ta sake. Hawaye na bin fuskarta, ba ta san lokacin da suka fara ba.

"Ya rage?" ta tambaya.

Memaji ta saurara, kamar mai jiran jin motsi a ɗaki. "A'a."

"Ruwan ne ba ɗumi, kuma ba gishiri," in ji Solkem. Ta matse tawul. "Irin wannan kwana uku ake yi mata a jere. Gobe ina zuwa."

Washegari da hantsi mota ta sauke mutane a rumfar rajista, suka tarar da kututture da murhu a gindin mangwaro, ba kowa. Masu ɗiban ruwa sun ce sun gamu da ita tun da sassafe, da daro a ka, ta wuce layi na takwas.